Furar Juma'a

Shekarun baya, zamanin da mutanenmu ke shigowa Makka a ƙafa ta Sudan, ni saurayi ne mai shegen bin diddigi. Abin da aka faɗa mana a gida shi ne kakana, mahaifin mahaifiyata, ya rasu a hanya kafin su tsallako teku. Ban taɓa musu ba, sai ran da wata tsohuwa mai ƙosai a unguwarmu ta Mansur ta ƙura mini ido ta ce, "Yaro, kamarka ɗaya da wani bawan Allah da ya taɓa zama a rubaɗin unguwar Misfala, mai kiran salla ba lokacinta ba."

Na kai wa kawuna maganar. Mutumin da ba ya faɗa ya daka mini tsawa, wai in kama sana'ata. Tun daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Na zarge shi da cin gado, mu da ko akuya ba mu gada ba.

Rubaɗin gida ne na waƙafi, inda ake ajiye gajiyayyu da masu taɓin hankali. Mai kula da shi ya dube ni sama da ƙasa. "Esh tibga?" in ji shi da Larabci, wato me nake so. "Hukuma ta aiko ka?" Sai da na rantse kafin ya ɗauko tsohon daftari, ya tambayi sunan mamacin. Don kunya mahaifiyata ba ta taɓa kama sunansa ba, Baba kawai na sani. Daftarin ma bai fi ni sani ba: Takaruni, Takaruni, yadda Larabawa ke kiran mutanenmu, ba suna, sai zanen tsagen fuska a gefe. Masu tsagen Gobirawa irin na gidanmu kuwa sun fi a nuna ɗaya.

Da na ambaci kiran salla, sai mutumin ya rufe littafin. "Wannan na san shi. Ɗansa ne ya kawo shi. Kowace Juma'a yana zuwa da fura, ya yi masa aski, har Allah ya karɓi abinsa."

Na tare kawu a shagonsa. Bai musa ba. "Hankalinsa ya gushe a hanya," in ji shi. "Uwarka tana budurwa. Wa zai auri 'yar mahaukaci? Na ce mata ya rasu, furar da take dama mini kuma na ce mata sadaka ce. Ka rufa mini asiri."

Ban iya ba, bakina ba ya riƙe magana. Na sami mahaifiyata tana tankaɗe, na yi ta kame-kame ina tsoron kada ta faɗi, har dai na faɗa mata. Ko rariyar ba ta ajiye ba.

"Ɗan nan, wane mai sadaka ne zai ce a cika citta, kada a sa zuma? Mutum ɗaya na sani mai shan fura haka. Tun Juma'ar farko na gane."

"Me ya hana ki zuwa, Inna?"

"Yayana ya ɗauki kayan nan don kada in ɗauka. In na je, ya yi wahalar banza ke nan."

Yanzu na tsufa, duk sun riga mu gidan gaskiya, amma abin yana sosa mini rai har yau. Tana Mansur, mahaifinta na Misfala, tafiyar da ba ta kai a gaji ba, ba ta ƙara ganin fuskarsa ba. Kawu kuma ya koma ga Allah yana zaton ba ta sani ba, don ta hana ni faɗa masa.