Tayin da Yaya Lawali ya yi a bakin teku

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba wani ne ya ba ni labari ba, wallahi tallahi a gabana aka yi, a kan ɗan'uwana da muka fito ciki ɗaya. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato ba, ina saurayi ina taya wana Lawali tsaron teburin kayan koli a kasuwar Gusau, gidanmu kuwa a Tsafe yake. Sai labari ya cika gari cewa akwai wani tsibiri can gaba da Kalaba, inda garin Malabo yake, an sami man fetur, wai agogo da turare da takalmi ko nawa ka ce saye ake yi. Yaya Lawali mutum ne da in ya sa abu a ransa ba ya barci, ya matsa sai mun je. Innarmu ta ce mutanen tudu me ya haɗa su da ruwa, ya yi ta lallashinta har ta sa mana albarka.

Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar hanya ba, amman da na yi a jirgin ruwan nan ko maƙiyina ba na yi masa fata. Mun dai isa. Ƙasa ce kore shar, ga wani dutse da kullum kansa na cikin gajimare, ruwan sama kuwa ba ya sallama, yanzu rana, yanzu ya tsuge. Da muka tambayi inda Hausawa ke sauka aka kai mu wani masauki mai araha, gidan katako da rufin kwano, na wani tsoho da ake ce wa Baba Na-Bungudu, wanda ya je tun yana saurayi bai sake komawa gida ba. Ɗakin da ya ba mu, Allah na tuba, akurkin kajin Inna ya fi shi iska. Katifa na warin danshi, kyankyasai manya kamar ka ɗaura musu sirdi, takalmin da ka ajiye yau jibi ya yi funfuna. Amma mai neman sauƙi ba ya zaɓe, muka ce Alhamdulillahi.

Ranar da muka sauka Baba ya zaunar da mu ya yi mana huɗuba. Ya ce nama kada mu ci sai mun san wanda ya yanka, mu tsaya a kifi, kuma kifi mai araha yana rumfunan bakin teku. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Abu guda nika roƙonku. In kun zauna cin abinci bakin ruwan ga, ku ci abinku ku yi kurum. Kowa kunka gani, kada ku yi mai tayi."

Yaya Lawali ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Haba Baba, tsibirin marowata munka zo ke nan?"

Baba bai yi dariya ba, ya ce, "Ni dai na hwaɗa maku."

To ku kun san halinmu. Bahaushe ba ya kai loma baki mutum na tsaye bai ce bismillah ba, kuma kowa ya san tayin na ladabi ne, wanda aka yi wa zai ce Alhamdulillahi, a ci lafiya, ya wuce. Mu gidanmu abin ma ya fi haka, don Inna ta sha ƙwace mana akushi muna yara saboda wani ya gifta ba mu yi masa tayi ba. Shi kuwa Yaya Lawali har zolayarsa ake yi a kasuwa, wai ko akuya ce ta wuce yana cin rogo sai ya ce mata bismillah.

Kwanakin farko lafiya lau. Mu yi yawon talla da safe, rana ta take mu gangara bakin teku. Yashin wurin baƙi ne wuluk kamar garin gawayi, ga bishiyoyin kwakwa sun sunkuya, ga ruwa iya ganinka, ni da babban ruwan da na sani shi ne gulbin Gusau da damina sai in zauna baki buɗe. Akwai rumfar wata mata 'yar ƙasar, ƙatuwa mai fara'a, muna ce mata Madam, tana gasa kifi da barkono ta haɗa da soyayyar agada, babbar ayabar nan. Ba ma jin yarenta, da hannu da guntun turanci muke ciniki, amma kifin nan har yau ban sake cin irinsa ba.

Rannan da tsakar rana, rana fa tsaka ba dare ba, muna zaune a benci da faranti ɗaya a tsakaninmu, sai ga wani mutum ya taho daga wajen ruwa. Dogo ne siriri, wando kawai ne a jikinsa, ruwa na zuba daga gare shi, na ɗauka masunci ne. Ya zo ya tsaya a gefen Yaya Lawali yana kallon farantin. Ni na tuna maganar Baba na sunkuyar da kai. Shi kuwa, na rantse ba da gangan ya yi ba, bakinsa ne ya riga tunaninsa, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Bismillah, malam."

Mutumin bai ce a ci lafiya ba. Zama ya yi.

Ya zauna a damansa ya sa hannu a farantin, yana ɗauka yana kaiwa baki, ina kallo da idona, amma kifin bai ragu ba ko da ƙaya ɗaya. Na gutsura na sa a bakina na ji salam, ba gishiri ba yaji, kamar ina tauna jiƙaƙƙen tsumma. Kuma duk zaman nan ruwa bai daina ɗiga daga jikinsa ba, ga rana ƙwal. Sai na ji ƙarar kwanoni, na waiga, ashe Madam ce ke kife tukwanenta ta juya mana baya, ta ja zane ta rufe fuska tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa. Kafin in juyo babu mutumin, sai gurbin zamansa jiƙe a benci. Muka miƙa mata kuɗi ta ƙi ko kallonmu, hannu kawai take kaɗawa mu tafi.

A hanya Yaya Lawali ya ce yunwa yake ji. Muka sayi burodi ya cinye, muka sayi ayaba ya cinye, muna isa masauki ya ce a dafa masa shinkafa. Baba na ganin yadda yake ci ya dube ni, na faɗa masa abin da ya faru. Tsohon nan ya ce, "Inna lillahi. Kai shi gida. Ku sa tudu tsakaninshi da ruwan ga, ko Allah ya sa a dace." Na ce wane ne mutumin? Ya ce, "Kada ka tambaye ni, ban sani ba. Na dai ga irin haka kahin ku." Na ce waɗancan sun warke? Sai ya tashi wai zai yi alwala.

Muka karyar da kayan muka juyo. Na yi ta murna a raina duk garin da muka wuce, ina cewa ai mun yi wa teku nisa, me zai biyo mu har Tsafe? Ashe ban san komai ba.

Wana mutum ne kakkaura, shi kaɗai yake ɗaga buhun dawa ya aza a amalanke, amma kafin damina ta raba tsakiya rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Kuma ba ƙin abinci yake ba, ci yake kamar mutum uku. Inna ta tuƙa tuwon dawa malmala-malmala, matarsa ta dama fura da nono mai kyau, ya share tas, ya kuma zauna yana rawar yunwa. Na kai shi asibiti a Gusau, aka auna ciwon suga, aka auna tsutsar ciki, har cutar nan ta ƙanjamau da mutane suka fara raɗe-raɗin ya kwaso a tafiya, duk aka ce babu. Muka je wajen malamai a 'Yandoto aka yi rubutu aka yi sauka, muka je wajen wani mai magani a Bilbis, aka yi hayaƙi aka yi wanka. Ba inda ƙafata ba ta taka ba. Abin da ya fi karya mini zuciya, duk lokacin da ya gama ci, in ka ɗaga tabarmar za ka tarar gefen damansa a jiƙe. Matarsa ta taɓa dangwalawa ta lasa, ta ce gishiri ne.

Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, bari wahal da kanka. Ina ci, amma ba ni ka ci ba. Ga shi nan zaune, kullum shina nan." Na duba ban ga kowa ba. Inna da ke bakin ƙofa ta fashe da kuka tana cewa ita ta koya masa, ita ta kashe ɗanta da tarbiyyarta. Ya ce, "A'a Inna, abin kirki kinka koya min." Wallahi ranar na fita bayan gida na yi kuka kamar ƙaramin yaro, don na gane ba mu da sauran dabara.

Da kaka ya rasu, rumbunanmu cike da sabon gero. Kalmar shahada ya cika da ita, Alhamdulillahi, amma maganar da ya yi kafin ita, cewa ya yi a ba shi ko loma ɗaya. Da muka ɗauki makararsa sai ka ce babu kowa a ciki.

Na so a ce nan labarin ya ƙare. Da bazara ta zagayo, ana zafin nan da ko rijiya sai an yi mata haƙuri, na shiga wata rumfar mai abinci kusa da tashar mota a Gusau, tsakar rana, aka zubo mini shinkafa da wake. Na kai loma biyu ke nan sai na ji bencin ya yi sanyi ta damana, wani ƙarni ya bugi hancina, ƙarnin da ban taɓa ji ba sai a bakin tekun nan. Ban ɗaga kai ba, ƙasa na duba. Ƙafafu ne guda biyu ba takalmi, ruwa na ɗiga daga gare su, kuma a babban yatsan hagu akwai tabon sarar fartanya. Na san tabon, ina wurin aka yi shi a gonarmu muna yara.

Sai na ji muryarsa, a hankali, yadda yake mini magana in yana jin nauyin roƙona wani abu: "Ƙanena, ko tayi babu?"

Jama'a, kalmar ta taho har kan harshena. Na dumbuzi shinkafa na cusa a bakina, na ƙara cusawa, hawaye na zuba a cikin kwanon, ban yarda bakin nan ya zama fanko ba ko na ƙiftawar ido. Ban san tsawon zaman da ya yi ba. Abin da ya dawo da ni hayyacina faɗan mai abincin ne, tana tambayar wane mara mutunci ne ya zubar mata da ruwa a benci.

Tun daga ranar ban sake yi wa kowa tayi ba. A ɗaki nake ci, ƙofa a rufe, kuma na san sunan da ake kirana da shi a unguwa, ban taɓa musawa ba. Sadakar abinci kam ina yi masa duk Juma'a, amma aikawa nake, ba na cewa kowa zo.

Shawarata gare ku, in tafiya ta kai ku wata ƙasa, tsohon wurin ya ce kada ku yi abu, to ku bari, ko da abin nan shi ne mafi kyawun halin da uwarku ta koya muku. Kuma don Allah wanda ya karanta wannan ya sa wana Lawali a addu'a. Ni har yau ban sani ba ko shi ne ya zo, ko wancan na bakin teku ne ya ari muryarsa. In wancan ne, to na tsira. In kuwa shi ne, mutumin da bai taɓa cin loma ba tare da ya ce mini bismillah ba ya zo wurina da yunwa, na cika bakina na ƙyale shi.