Sunan da Baffa Idi ya ƙi ajiyewa

Shekara goma sha shida ke nan da nakiya ta tashi da kamiyon Baffana Idi Kangaza a hanyar Agadas zuwa Arlit, kuma har yau in na ji ana kiran sunan gidanmu sai gabana ya faɗi.

Kangaza laƙabin kakanmu ne, babu wani gida mai shi. Baffa ne ya dage kowane ɗa ya ɗauke shi, don mu gane juna ko a ina. Sunan kuwa ya yi albarka. Akwai lokotoro Kangaza a asibitin Akokan, akwai Kangaza mai magana da yawun leburorin ramin yuraniyom. Shi Baffa shofer ne kawai, mai tuƙa babbar mota.

Da tawaye ya sake tashi, ɗan ƙanensa Musa, wanda uwarsa 'yar Gougaram ce, ya hau duwatsu ya shiga cikin 'yan tawayen, har rediyo ta fara ambaton Musa Kangaza. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Duk shingen da muka isa sai a sauke mu a yi ta tambaya. Dangi suka taru, aka ce kowa ya koma amsa sunan ubansa. Baffa ya ce, “Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni da sunan nan za a binne ni.”

Ran da abin ya faru, an tsare shi a shinge saboda sunan, har ayarin motoci mai rakiyar soja ya tafi ya bar shi. Da aka sallame shi ya bi baya shi kaɗai. Bai iso ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. An yi sulhu, Musa ya sauko, aka ba shi kujerar mashawarcin gwamnati a Yamai. Waɗanda suka yar da sunan suka ruga suka tsince shi, wallahi ko kunya babu. Da Baffa na nan, ban sani ba ko dariya zai yi ko tsaki.

Jiya jikansa Sani, mai neman aiki a sabon ramin yuraniyom, ya tambaye ni, “Baba, in ce musu ni Kangaza ne? An ce yanzu yana buɗe ƙofa.”

 Na ce ya faɗa, amma in suka tambaye shi ko ɗan'uwan mashawarci ne, ya ce musu shi jikan shofer ne.