Kyautar da Kawu Nicanor Bai Wanke Ba

Kawuna Nicanor ya yi shekara talatin yana nutso a tekun Taganga. Da kunnensa ya lalace, sai ya koma kiwon murjani mai rai, wato halittar teku mai rassa kamar itace, a cikin tankin gilashi a falonsa. Reshe goma sha huɗu ne, duk jikokin wani ɗan guntu da ya tsinto tun kafin zafin ruwa ya kashe na gaɓarmu. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai su.

Mutum ne mai tsaurin tsiya. Duk sabon murjani sai ya tsoma shi a ruwan magani, ya kankare gindinsa, ya killace shi a bokiti wata guda. In na yi masa tsiya ya ce, "Ke Yolima, rufa mini baki. Ƙwan tsutsa ba ya sallama."

Da amininsa Evaristo ya rasu, matar marigayin, Doña Eduviges, ta zo da murjanin mijinta a cikin kwalba, tana hawaye. Ita da Kawu sukan kira juna compadre da comadre, wato aminan da suka zama kamar dangi.

"Compadre, marigayi ya ce a kawo maka. Sa shi kusa da naka in gani."

Kawu ya dubi bokitin, ya dube ta. Ina zai iya wanke amanar mamaci a gaban matarsa kamar abin ƙazanta? Ya sa shi cikin tankin kai tsaye. Ina tsaye a wurin ban hana shi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Bayan sati uku gindin rassan ya fara fari. Wasu 'yan tsutsotsi ne masu faɗi, launinsu ɗaya da murjanin, ba ka ganinsu sai sun gama ɓarna. Ya tsoma, ya kankare, ya yanke. Ya daina zuwa wasan domino, ya rame kamar kara. Amma an riga an yi ƙwai a kowane lungu. Kafin Kirsimeti babu reshe ɗaya mai rai, har na Evaristo.

Ranar wata Lahadi Doña Eduviges ta biyo daga coci. Ba ta san farin murjani gawa ne ba. Ta dafa gilashin tana murmushi.

"Kai, compadre! Dubi yadda suka yi fes. Ashe na Evaristo ya samu wuri mai kyau."

Kawu ya jawo mata kujera.

"Ya samu, comadre," in ji shi. "Zauna in kawo miki kofi."