Buhunan Cittar da Na Buɗe

Shekara biyu na yi ina duba busasshiyar citta a siton ƙungiyarmu ta mata manoma a Kafanchan. Ni aka ba aikin saboda na taɓa koyar da lissafi a firamare. Kafin a loda mota, sai in buɗe buhu goma, in tsoma hannu, in karya, in shinshina. In babu fumfuna, in sa hannu a takarda.

Wata Talata muka tura buhu ɗari huɗu. Goman da na buɗe duk lafiya lau. Bayan kwana tara motar ta dawo da kayanmu. Mai saye ya ce ya tarar da fumfuna, ba ya so. Mata suka tsaya cirko-cirko ana sauke buhuna, babu wadda ta kalle ni. Da ma zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi.

Ran Lahadi bayan sujada a coci na tsaya wurin wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin kudu maso gabas da aikin reluwe ya kawo Kafanchan tun yana saurayi. Ya saurare ni har na gama.

"'Yata, goman nan daga ina kike ɗauka?"

"Daga bakin ƙofa, Baba."

Ya girgiza kai. "To na can ciki fa, wa ya duba su? Kuma goma ya yi kaɗan. A ce buhu ɗaya cikin ashirin ya lalace. In kin buɗe goma kawai, sau shida cikin goma ba za ki ga komai ba."

Ban yarda ba sai da na zauna da kalkuleta. Gaskiyarsa ne. In ina so da wuya ɓarna irin wannan ta wuce ni, sai na buɗe kusan sittin.

Na sake tsari kafin a sake loda mota. Kowane buhu na ba shi lamba, na rubuta lambobin a ƙananan takardu, na zuba a ƙwarya. Shugabar ƙungiya ta rufe ido ta zaro sittin. Aka yi ta gunaguni, don ciro buhu daga ƙasan tari aiki ne mai karya baya, ga sake ɗinki.

Biyar suka fito da fumfuna, wato sama da kashi takwas cikin ɗari. Uku daga cikinsu alamar ƙanwar mahaifiyata ce a jiki, wadda ke noma a wajen Nok. Ita ta riƙe ni shekara huɗu ina sakandare.

Nan take aka ce a ware kayanta duka, buhu ashirin da biyu. Na ce a dakata, uku ba su isa a yanke hukunci a kan saura ba, a buɗe kowanne. Shugaba ta ce, "Malama, da na wata ne, za ki ce haka?" Mota na jira, aka ware.

Washegari na hau babur zuwa ƙauye in faɗa mata da bakina. Na same ta tana tsaga citta. A ƙasa take shanya, tamfol ɗinta ya yage tun bara.

"Mama, an ware naki."

Ba ta ɗago ba. "Ke kin buɗe su duka?"

"A'a. Uku."

"To." Ta ci gaba da tsaga. Can ta tura mini kujera, ta ce in ci abinci kafin in tafi.

Bayan mako ɗaya na buɗe sauran sha taran ni kaɗai. Sha shida ba su da komai. Amma mota ta riga ta tafi. A kakar da ta biyo baya ta daina kawo mana citta, ta koma sayarwa a kasuwa. Muna gaisawa a biki da jana'iza, ba ta taɓa tayar da maganar ba.