"Ya Dawo" a Bakin Mama

Fim ɗina na farko ya hana ni zama wuri ɗaya. An gama ɗauka, an gama haɗawa, saura abin da mai rarraba finafinai a Kano ya ce a aika masa: fosta, ɗan tallan fim, da fassarar Turanci mai bi ta ƙasan hoto. Kullum ina hanya tsakanin gidanmu a Dutse Uku da shagon edita mai tace fim a Kwararafa, duk a nan Jos. In akwai wuta, edita ba ya nan. In yana nan, an ɗauke wuta.

Labarin ba shi da yawa: tsohuwa mai sayar da dankali a kasuwar Terminus tana jiran 'yarta da ta tafi Legas. Mahaifiyata na sa ta fito a matsayin tsohuwar, don ban ga wadda ta fi ta iya jira ba. Ni ma na yi shekaru a can ban leƙo gida ba. Mama daga ƙauye ta zo, a kasuwa ta koyi Hausa, kuma a bakinta kowa namiji ne. Ni 'yarta ce, amma "kai" take ce mini tun ina goye.

Mai fassarar baƙo ne a Jos. Ya ji Mama a fim tana tambaya, "Ya dawo?" sai ya mayar da 'yar tsohuwar namiji tun daga farko har ƙarshe. Wannan na gyara ina ta masifa. Ban huce ba mai rarrabawa ya kira.

"Madam, Hausar tsohuwar nan ba ta nuna ba. A sake ɗaukar muryarta, ko a ɗora ta wata."

Raina ya ɓaci, amma na ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba. Na kai Mama shagon, edita ya maƙala mata abin ji a kunne.

Na ce, "Mama, 'ta dawo' za ki ce."

Ta faɗa, daidai kuwa, kamar ɗalibar da malami ke tsaye a kanta da bulala. Muka maimaita, muka sake. Ni dai ina ta kai-komo tsakanin ƙofa da kujera, don kalmar ta gyaru amma muryar ba ta uwata ba ce.

Can ta cire abin daga kunne ta dube ni.

"Kai, ka bar ni haka. Duk shekarun da ka yi a Legas, 'ya dawo?' nake tambaya a tasha. Da wannan bakin na roƙi Allah, kuma bai kawo mini wani ba."

Kunya ta rufe ni. Na ce wa edita ya mayar da muryar farko, haka muka aika. Mai rarrabawa bai sake ɗaga wayata ba, har yau ina nema wa fim ɗin hanya. A ranar dai, da muka fito jiran keke napep, na kasa haɗa ido da ita, sai na karɓi jakarta na riƙe.