Hular da Ke Dawowa Cikin Kula

Duk wanda ya san Malama Tayyiba a Gumel ya san ba ta shan magani sai ta karanta takardar da ke cikin kwalin gaba da baya, har gefen da aka rubuta da Faransanci, wanda ba ta ji. A Gagarawa Tasha aka haife ta, ita ce ta uku a ɗakin Inna Laure, kuma ita kaɗai ce boko ya riƙe. Shekara shida ta yi tana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata. Ta auri Mannir, direban da ke lodi daga Maigatari zuwa Kano, suka shekara huɗu shiru. Da ciki ya samu, ta zauna da kalanda ta fitar da ranar haihuwa, ta zagaye ta da jan biro.

Yarinyar ba ta duba kalandar ba. A wata na bakwai ta zo.

Jinin Tayyiba ne ya hau, aka yi mata aiki. Abin da ta gani na 'yarta bai wuce tafin ƙafa ɗaya da ya leƙo daga cikin zane ba. Kafin ta gama farfaɗowa an wuce da bakwainin wani babban asibiti a Kano, an saka ta a kwalba, Hannatu, yayar Tayyiba, ta bi ta jinya. Tayyiba kuwa likita ya ce ba ita ba doguwar tafiya sai jini ya sauka, ɗinki ya kame. Aka kawo ta gidan Inna wankan jego, hannu rabbana. Ranar bakwai aka yanka rago, aka raɗa suna Rumaisa, mata suka cika gida suka ci tuwo, suka yi ta yaba kyan jaririyar da babu wadda ta taɓa gani.

Saƙon da Hannatu ta aiko daga ma'aikatan jinya gajere ne. Yarinyar ba ta iya tsotsa ba tukuna, ta siririn bututu ake ba ta, kuma babu abin da cikinta ke karɓa kamar nonon uwa. A tatsa a aiko. In kuma uwar ba ta tatsa akai-akai, nonon zai ƙafe, ranar da yarinyar ta dawo ta tarar da babu komai.

Tatsar hannu ta gagari Tayyiba, don haka aka koma zancen na'ura. Mannir, mutumin da ake jin muryarsa daga wannan ƙarshen tasha zuwa wancan, ya shiga wani kantin magani a Kano ya yi wa mai kantin raɗa. Sannan ya kira ta a waya ta bidiyo, yana ɗaga kwalaye ɗaya bayan ɗaya.

"Juya bayansa in gani," in ji ta. "Wannan sai an jona shi da wuta yake aiki. Yaushe rabon da ka ga wuta a gidan Inna?"

"Malama, mutane fa na kallona."

"Su kalla. Ɗauko wancan mai batir. Da cajar waya ake cika shi?"

Ta sa ya tambaya ko ana iya kwance shi a tafasa. Ta sa ya karanto mata faɗin bakin mazurarin, don ta riga ta auna kanta da rular makaranta, ta kuma karanta cewa in ya matse yana ji wa mace ciwo, in ya yi yawa ba ya ja. Mai kantin ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi wannan abu da ilimi haka ba. Mannir ya fito da shi a cikin baƙar leda biyu.

Inna Laure ta juya na'urar a hannu, ta leƙa mazurarin.

"Wannan ne zai sha?"

"Ba sha yake ba, Inna, ja yake."

Da aka kunna abin ya fara ƙugi a hankali, Inna ta ce kukansa irin na kwaɗon bayan gida ne, ta tafi hura wutar ruwan wanka.

Tayyiba ta bi takarda layi-layi. Ta wanke hannu, ta tafasa kayan, ta fara da ƙaramin ja kafin ta ƙara. Kowace awa uku, minti goma sha biyar kowane ɓangare. Ta ja layuka a bayan littafin darasi tana rubuta lokaci da abin da ya fito. Kullum da safe Mannir ya biyo da fasinjojinsa, ya tsaya a bakin titi, ya karɓi ƙaramar kula mai ƙanƙara da 'yan kwalabe a ciki, ya ba da batirin da ya cika a mota. Da yamma ya dawo da kular a wanke.

Sai dai abin da ke tafiya Kano bai taka kara ya karya ba. Cokali uku, cokali biyu. Ranar goma sha biyu da ƙyar ya rufe gindin kwalbar. Hannatu ta ce, cikin lallashi, an fara cika wa yarinyar da madarar gwangwani. Tayyiba ta sake karanta takardar. Babu abin da ta tsallake.

Ga kuma wani abu da takardar ba ta ambata ba: Rumaisa 'yar fari ce. Tayyiba ta iya raba lamba da lamba, amma a gidan Inna Laure ta tashi, inda uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗokinsa a gaban mutane. Ɗakin kuma kullum cike da masu barka. Idan Mannir ya durƙusa a bakin ƙofa da yamma, tambayar da ke cin ta ita ce, ta buɗe ido? Wa take kama? Hannunta ya kai yatsanka? Abin da ke fitowa daga bakinta kuwa shi ne, "Nono mililita nawa aka ba ta?" Hotunan da ke wayarta sai ta shiga ƙarƙashin mayafi take dubawa, su ma gilashi ne da bututu da filasta, fuskar kaɗan ce. In ta gama kallo ƙirjinta ƙara ɗaurewa yake yi.

Ranar goma sha uku da hantsi Inna ta shigo da kwano, ta tsaya tana kallon na'urar na ƙugi a kan busasshiyar kwalba.

"Takardar taki me ta ce?"

"Ta ce in kwantar da hankali."

"Ta faɗi inda ake samo shi?"

Tayyiba ta kashe na'urar. Inna ta zauna a bakin gado.

"Kafin a kawo ni garin nan, ni ke tatsar shanun babana, can wajen Sule Tankarkar. Akwai wata ja da muke da ita. Ki zo da ƙwarya, ki ja har hannunki ya sage, ba za ta ba ki ɗigo ba. Nonon yana nan, riƙewa take. Sai an kwanto maraƙin an kawo shi gabanta ta shinshina, ta lashe shi, sannan ki ji ƙwarya na amsawa. Ku kun sayo mai ja, kun manta da maraƙi."

"Inna, saniya kika mai da ni?"

"Saniyar ta fi ki, ita ba ta jin kunya."

Da yamma Inna ta yafa mayafi ta fita zaure da kanta, abin da ba ta saba yi wa suruki ba. Mannir ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"Malam, gobe in ka je ka ce wa Hannatu ta ciro hular da ke kan ƙawata ta ba ka. Kada a wanke. In ta wanke ka koma."

Washegari kula ta dawo ba wayam ba. A cikin leda, tsakanin kwalabe, ga wata 'yar hular ulu ruwan ƙwai, wadda Tayyiba ta saƙa tun ciki na wata biyar. An naɗe bakinta sau biyu don ta yi wa kan yawa. Inna ta dubi matan da ke ɗakin ta ce maijego za ta gyara jiki. Da suka fita ta ajiye hular a kan cinyar 'yarta ba tare da ta kalle ta ba, ta ja ƙofa, ta kafa kujera a waje tana tsinar zogale.

Tayyiba ta daɗe kafin ta kai hular hanci. Ƙamshin sabulun asibiti ne a sama. A ƙarƙashinsa akwai wani, mai ɗumi, wanda ba ta taɓa ji ba amma ta gane shi. A cikin ulun ga gashi guda ɗaya, siriri, baƙi.

"Rumaisa," ta ce, a hankali, ta saurara ko wani ya ji. Ta sake faɗa.

Ba ta ma kunna na'urar ba ta ji gaban rigarta ya jiƙe.

Daga ranar huluna biyu suka shiga aikin hanya, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Kwalabe suka fara cika, har Mannir ya nemo kula babba. Wani fasinja ya taɓa tambayarsa abin da ke ciki, ya ce saƙon asibiti ne, ya ƙara wa rediyo murya. Amma hula hula ce. Ba ta motsi, ba ta da nauyi, kuma kafin la'asar ƙamshin ya gudu. Tayyiba takan ɗora ta a tafin hannu ta gwada girman kan, ta yi ƙoƙarin ƙirƙiro sauran jikin daga tafin ƙafar nan guda da ta gani.

Ranar talatin da shida aka sallamo yarinyar. Hannatu ta shigo da ita a ƙirji, gida ya ɗauki guɗa, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Tayyiba na zaune a kan gado, ido a ƙasa, kamar yadda ya dace, hannayenta a ƙarƙashin cinya don kada su ba ta kunya. Lokacin tatsa ya yi. Bisa sabo ta jawo na'urar, ta lalubo hular jiya.

"Ajiye," in ji Inna. "Ga mai hular."

Ta sake korar mutane, ta sake jan ƙofa.

Rumaisa ta saba da bututu da ɗan kofi. Ta kau da kai, ta yamutsa fuska, ta yi wani ɗan kuka kamar na mage. Tayyiba ta jira, babu takardar da za ta duba. A karo na huɗu yarinyar ta shinshina, ta buɗe baki, ta kama. Akwai abin kamawa.

Da ta ƙoshi ta yi barci, Tayyiba ta jawo littafinta da hannu ɗaya, ta rubuta lokaci. A wurin mililita ta tsaya da biro. Ta ɗaga murya ta tambayi Inna ta yaya ake sanin nawa ta sha.

"Ba a sani," in ji Inna daga waje.