Manyan Tayoyin Da Suka Sa Na Ƙaryata Wanda Ya Rene Ni

A shekarar da abin nan ya faru ina da ashirin da tara a duniya, ina sayar da labule da zanin gado a bakin kasuwar Ogbete a can Kudu, muna zaune da Innata a unguwar Asata, a gidan da aka haife ni. Ni ne irin saurayin nan da in ya ɗinka sabon yadi sai duk layi ya sani kafin azahar. Ba na shaye-shaye, ba na yawon banza, kuma an shaide ni da ba na ƙarya, abin da nake taƙama da shi har ya wuce kima. Rauni ɗaya gare ni, mota. Tun ina yaro in mota ta wuce sai na bi ta da ido har ta sha kwana. Edita, ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina.

Inna ta hana ni mota tun ranar da aka kawo gawar yayana daga hanyar Fatakwal, direban da ya ɗauko su ya yi gudun da ba a kai gida ba. Wanda ya karya wannan dokar shi ne aminin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baba. Shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni a kasuwa, kuma ya fi shekara talatin yana tuƙi, tun yana jan babbar motar albasa daga Arewa. Sau uku yana zuwa wurin Inna kafin ta yarda, da sharaɗi guda: ba zan wuce tamanin ba, ranar da na wuce makulli ya koma hannun Baba. Da yake Inna ba ta karanta lambar boko, Baba ya yanko ɗan jan tef ya manna a gilashin maleji, agogon da ke nuna gudun mota, daidai kan tamanin, ya ce mata abin da za ta duba ke nan, kada allura ta tsallake ja.

Wayyo daɗi! Ranar da motar da na saya ta shigo layinmu ko abinci ban iya ci ba. Sau biyu nake wanke ta a yini, har maƙwabta suna tsokanata wai zan kankare mata fenti. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, tayoyinta ƙanana ne, in na faɗa rami a hanyar Onitsha sai in ji cikinta ya daki ƙasa kamar ni aka daka. Wata rana ina wucewa ta titin Ogui na hango wasu wili masu ƙyalli da manyan tayoyi a jingine a gaban wani shago. Mai shagon ya yi ta kirana oga, ya ce in na sa su motata za ta tsaya kamar jif. Ban shawarci kowa ba. Da aka ɗaura suka riƙa gugar jiki in na karya kwana, sai bakanike ya ɗan ɗaga motar, shi ke nan. Na fito titi 'yan okada, wato 'yan acaɓa, suna waiwaye, ni kuwa ina daga ciki ina jin kaina a sama. Na lura ina isa Onitsha da wuri fiye da da, kuma birki sai na ƙara dannawa kafin ta tsaya, amma na ce ai hannuna ne ya faɗa.

Sai ga sunan jaririn 'yar ƙanwar Inna a Onitsha, can bayan Kasuwar Relief. Muka tashi da hantsi, Inna a gaba kusa da ni idonta a kan jan tef, Baba yana biye da mu a tsohuwar motarsa. Na kafa allura a kan tamanin, ko gashi ba ta tsallaka ba, har Inna tana sa mini albarka. Bayan mun isa an ci an sha, Baba ya ja ni gefen rumfa, ya yi ƙasa da murya ya ce na karya alkawari. Ya ce ya riƙe tamanin sai ya ga ina ɓace masa, sai da ya kai casa'in kafin ya daina rasa ni. Da a hankali na amsa da maganar ta mutu a nan. Amma ni da ake cewa ba na ƙarya, a ce na ci amana? Kaina ya ɗau zafi. Na ɗaga murya na rantse da Allah ban wuce tamanin ba, na kira Inna ta ba da shaida, ta ce ita dai ba ta ga allura ta haye ja ba. Sannan na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. A gaban mutane na ce wa Baba ido in ya tsufa ba ya raba takwas da tara, gara ya je a duba shi. Wasu samari suka yi dariya. Baba ya dube ni ya daɗe, ya ce to, ya ji. Da za mu koma na ga wani ne ke jan motarsa, na ɗauka gajiya ce.

Wata huɗu ina yawo da makullina ina jin na yi nasara. Baba ya rage zuwa gidanmu, in ya zo ma a kan okada nake ganinsa, ya gaisa da Inna a tsaye ya tafi. Na ce fushi yake yi, zai huce, ni ma na ɗauke ƙafa daga gidansa.

Wanda ya buɗe mini ido maƙwabcinmu ne, wani Kirista ɗan Kudancin Kaduna da ke tuƙi a wani kamfani, mutum mai barkwanci da muke zama benci ɗaya da yamma. Ran nan na rage masa hanya zuwa bayan gari, ya kunna taswirar waya don mu gane kwanar da zai sauka, irin wadda ke nuna gudun da ake yi a gefe. Can sai ya ce mini cikin Hausarsa mai haɗe da Pidgin wai ina zan je da casa'in haka, ko biki ake ba a gayyace shi ba. Na yi dariya na nuna masa jan tef. Ya dubi allura, ya dubi waya, ya tambaye ni ko tayar da motar ta zo da ita ce a ƙasa. Da muka dawo ya sa na fito da guda cikin tsofaffin tayoyin da na ajiye a bayan ɗaki, ya kwance igiyar shanya ya zagaye ta ya yanke, ya zagaye sabuwar ya yanke. Muka shimfiɗa igiyoyin biyu a ƙasa, ta sabuwar ta ɗara ɗayar da fiye da tsawon tafin hannuna. Ya ce maleji ba ya ganin titi, juyin taya kawai yake ƙirgawa, kuma da ƙaramar taya aka saita shi. Babbar taya duk juyi ɗaya ta fi cin ƙasa, shi kuwa maleji bai san an canza masa ƙafa ba, sai ya ci gaba da faɗin tamanin alhali mota tana casa'in. Kai, abin ya burge ni! Na yi ta tafi, na sake auna igiyar har sau uku, ina kiran mutanen layi su zo su ga ikon Allah. Ina tsakiyar dariya fuskar Baba a gefen rumfar nan ta faɗo mini, nan take dariyar ta yanke.

Kwana biyu ina juya maganar. Babu wanda ya san sharaɗin makulli a cikin waɗanda suka ga igiyar, da na mayar da tsofaffin tayoyi na yi shiru da an wuce wurin. Na je wurin limamin masallacinmu na tambaye shi hukuncin rantsuwata. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne babu kaffara a kansa, amma dattijon da na kunyata yana nan da ransa, in je in same shi. Na gaya wa Inna komai. Ba ta yi faɗa ba, mayafinta kawai ta ɗauka ta ce in wuce mu je, kuma a ƙafa.

Mun same shi bayan la'asar a kan tabarma a ƙofar gida. Na durƙusa na ajiye igiyoyin biyu da makulli a gabansa, na yi masa bayani. Baba ya ɗauki igiyoyin ya haɗa bakinsu, ya ja su tsakanin yatsunsa, sai ya fashe da dariya har da hawaye, yana cewa ashe idonsa ƙalau, ashe casa'in ɗin ce. Ni ma na fara murmushin samun sauƙi, sai idona ya kai inda motarsa ke tsayawa, na ga ciyawa ta fito a wurin. Na tambaya. Ya ce ya sayar da ita mako biyu bayan sunan. Ya ce ya je an duba idon, likita ya ce tabaran karatu kawai yake buƙata, amma shi ya rene ni, ya san ba na rantsuwa a kan ƙarya, don haka ya fi yarda da rantsuwata a kan maganar likita. Wanda ba ya iya karanta maleji kuwa, in ji shi, bai kamata ya ɗauki ran mutane ba. Na yi kuka a gaban yaran unguwa ban damu ba. Ya turo mini makullin da hannunsa mai riƙe da carbi, ya ce in ya karɓe wa zai riƙa kai shi Juma'a.

Washegari na mayar da tayoyin asali. Na sha miƙa wa Baba makulli in ce ya ja mu, sai ya girgiza kai ya ce hannun ya yi sanyi, shakka ta riga ta shiga. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Don haka masu mota, musamman samari irina masu son a waiwayo, kafin ku canza wili ko taya ku duba girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba, in kuma kun riga kun canza ku gwada malejinku da waya a hanya mai kyau, domin babbar taya tana ɓoye gudu kuma birki ba ya jin uzuri. Abin da ya fi wannan, ka iya zama mai gaskiya kuma kana kan kuskure, saboda haka in babba ya ja ka gefe ya yi ƙasa da murya, kai ma ka yi ƙasa da taka ka bincika kafin ka rantse. Duk Juma'a ina ɗaukar Baba, jan tef ɗin da ya manna yana nan a gilashi. Yakan zauna a gaba ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, in mun zo kwana sai in ga yatsunsa suna juyawa kaɗan.